Garin da Ba Shi da Maƙabarta

Litinin, 4 ga Satumba 1899, da hantsi

Yau Tasildar, hakimin da gwamnati ta ɗora mana, Mirza Afzal Beg, ya tara mu a rumfar ofishinsa ya faɗa mana abin da kowa ya riga ya ji a wurin wanzami. Kwamishina zai zo farkon watan gobe, ya duba garinmu Sabazkot, ya duba Mirankot, ya zaɓi inda za a kafa kotu da baitulmali na sabuwar gunduma. Garin da ya samu ya zama gari. Wanda ya rasa ya koma wurin shayar da raƙuma.

Mirankot tsohuwa ce, ɗoyinta ma tsoho ne. Mu shekararmu biyu. Ranar da na sauka a nan ba abin da na tarar sai ƙaya, da turakun safiyo, da kogin da gwamnati ta haƙa. Yau muna da layuka miƙaƙƙu, da masallaci, da kasuwar hatsi, da tafki, da matoyar bulo. Rabin mutanen da ke cikin layukan nan bakina ne ya kawo su. Na bi ƙauyukan Hoshiyarpur ɗaya bayan ɗaya ina ce musu a nan ko sanda ka kafa sai ta fid da alkama. Ban yi ƙarya sosai ba.

Tasildar ya tambaya me za mu nuna wa Kwamishina. Wani ya ce kasuwa, wani ya ce masallaci. Na ce, "Huzur, ranka ya daɗe, a nuna masa abin da ba mu da shi." Ya ce me? Na ce maƙabarta. Tun da aka kafa garin nan ba wanda ya yarda a bar nasa a wannan ƙasa mai gishiri. Duk wanda ya cika, amalanke ake ɗora shi a kai shi ƙauyensu. Mirankot kuwa maƙabartarta ta fi kasuwarta girma. Tasildar ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Na koma gida na tarar da matata Baktawar tana juya tulun mangwaronta mai yaji a rana, wanda ta ɗauko tun daga ƙauyenmu Harsi, take tsakura kamar magani.

"Mai shago, me aka ce?" Haka take kirana, ba ta taɓa kama sunana ba.

"An ce kin kusa zama matar babban mutum a babban gari."

"Babban garin da ba inuwa. Karen garin nan ma inuwar raƙumi yake bi."

"Za a dasa itatuwa."

"Ka dasa, jikokin wasu su sha inuwa."

Na koma shago.

'Yar Nathu marini tana kwance. Gari lafiya.

Alhamis, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Layin da ke bakin tafki ya yi tsit. Nathu bai shanya ko ƙyalle ba. Alkama ta ɗan tashi.

Asabar, 9 ga Satumba, da yamma

An sake kiran mu, amma yau mutum kaɗan, kuma a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ni, da liman Miyan Nur Alam da muke kira Miyan ji, da Wasawa Singh kafinta, da manyan layuka.

Matsalar hanya ce. Duk mamacin da za a kai gida sai an bi da shi ta gadar Mirankot, su kuwa sun zuba zauna-gari-banza a kan gadar suna ɗaga mayafin kowace amalanke. In uku suka wuce da safe, kafin azahar sun zama talatin a bakinsu, kafin mako labari ya kai kunnen Kwamishina. Masu shanun ma sun fara ƙin ɗauka.

Miyan ji ya ce to a yi yadda iyayenmu suke yi in mutum ya cika a kan tafiya. A ba ƙasa amana. A sa shi a akwati, a faɗa wa ƙasa wa'adi da baki, in lokaci ya yi a tono a kai shi gida. Ƙasa ba ta taɓa abin da aka ba ta amana kafin wa'adi, haka muka taso muka ji.

Kowa ya yarda da wannan. Sai wani daga cikinmu ya ce bayan matoyar bulo ya fi, ba mai bi ta can saboda hayaƙi. Ya ƙara da cewa kada a tara ƙasa, kada a kafa dutse, a shafe wurin daidai da fili.

Miyan ji ya ɓata rai. "Ba haka aka sani ba. Amana ma ana sa mata alama."

Mutumin ya ce, "Miyan ji, tudu da dutse ai na wanda ya zo zama ne. Waɗannan baƙi ne, kwana za su yi su wuce. Kowa ya sa 'yar alamar da shi kaɗai zai gane."

Miyan ji ya dubi Tasildar, Tasildar ya dubi rufin ɗaki. Da za mu fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ilam Din, da a Lahore aka haife ka, da lauyoyi sun koma noma."

Na ji daɗin maganar, har na maimaita wa Baktawar. Ba ta yi dariya ba.

Litinin, 11 ga Satumba, da azahar

Da tsakar rana ake kai su bayan matoya, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki. Ba a ɗaga murya. Wasawa ya ce katako ya kusa ƙare masa.

Laraba, 13 ga Satumba, da safe

Mai maganin gari ya tafi duba ɗan'uwansa a Multan. Ya tafi da matarsa da akuyarsa da turminsa. Ɗan'uwan nan dai yana jin jiki.

Gari lafiya.

Jumma'a, 15 ga Satumba, bayan sallah

Sahu bai kai bakin ƙofa ba yau.

Tsohuwar da ke yi wa mata wanka ita ma an kai ta bayan matoya shekaranjiya. Na dawo daga masallaci na ga Baktawar ta ɗauki ƙwarya da tsumma da ganyen magarya za ta fita.

Na tare ƙofa. "Ina zuwa?"

"Gidan Nathu. Matarsa ce."

"Ba wata mace a garin nan sai ke?"

"Akwai. Duk suna bayan ƙofa, mazansu sun tare kamar yadda ka tare."

"To ki zama kamar su."

"Mai shago, matar nan a tsakar gidanta na ƙauye ka zauna ka sha mata tsala kana ba ta labarin sanda mai fid da alkama. Bakinka ya kawo su. Bari hannuna ya sallame su."

Na taɓa sayar wa Bafatane, ɗan duwatsun arewa mai taurin ciniki, bargo a tsakiyar bazara. Na taɓa sa mai karɓar haraji ya ba ni haƙuri. Matar nan ban taɓa cin ta a ciniki ba ko sau ɗaya. Na kauce.

Lahadi, 17 ga Satumba, da yamma

Ta je gida biyu yau. Ta dawo ta wanke hannu da toka har fatar ta yi ja. Na gasa gurasa da kaina, ta ce ta yi kama da tafin raƙumi. Ta ci rabi.

Muna zaune a kan gadon igiya sai ta ce, "Ni dai ka sani."

"Na san me?"

"Harsi. Gefen Bebe, wajen ƙafar yaron. Akwai wuri, na auna da idona ranar da za mu taso."

Ba mu cika ambaton ɗan namu ba. Mahaifiyarta, Bebe, ta riga shi da damina ɗaya, shi ya sa aka kwantar da shi kusa da ita, ƙarƙashin mangwaron nan mai reshe har ƙasa.

Na ce, "Ke da za ki binne ni ki auri mai gonar rake."

"Bar wasa. Kawo hannunka."

Ta kama hannuna ta ɗora a kanta. "Rantse."

"Haba, Baktawar."

"Ka rantse da kaina. Na san rantsuwarka ta kasuwa, ba ita nake so ba."

Na rantse.

Talata, 19 ga Satumba, da hantsi

Ta ce miyar ta yi gishiri. Ban sa gishiri ba.

Laraba, 20 ga Satumba, da azahar

Ban buɗe shago ba. Ƙura ta yi yawa.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Wasawa ya kawo wani jiƙo da matarsa ta haɗa. Ya tsaya daga waje ya ce, "Bhabi, matar ɗan'uwa, ki sha, ɗacinsa kaɗai ya isa ya kori aljani." Ta ce masa ya gaya wa matarsa ta rage barkono a girki, shi ya sa gemunsa ke hayaƙi. Ya yi dariya. Da ya juya na ga yana goge fuska da jelar rawani.

Ta nemi mangwaro. Na ɗebo mata daga tulun, ta riƙe a baki ba ta haɗiye ba. Ta ce, "Ka daina kallona kamar buhun da ruwa ya taɓa."

Na ce wace riba zan ci in na kalle ta.

Ta ce, "Yauwa. Haka nake son jin ka."

Tasildar ya aiko a tambaye ni ko na fara shirya jawabin maraba. Na ce na fara.

Asabar, 23 ga Satumba

Ba komai.

Lahadi, 24 ga Satumba, da yamma

Wasawa ba shi da ko tsinken katakon da zai yi mata akwati. Ya riga ya cinye ƙofofin rumfunan da masu su suka gudu. Na hau tsani na ciro allon shagona, babban nan mai shuɗin fenti da aka rubuta mini a Jalandhar, ILAM DIN DA 'YA'YANSA, HATSI DA GISHIRI. Mai rubutun ne ya ƙara 'ya'yan, ya ce haka ake yi. Na haɗa masa da kantar awo.

Ya ce, "Bhai, ɗan'uwa, in kankare fentin?"

Na ce ya bari. Ya tambaya, ya juya rubutun ciki ko waje? Na ce waje.

Matar Wasawa da wata tsohuwa daga layin masaƙa suka shiga ɗaki yi mata wanka. Matar Wasawa ba Musulma ba ce, ba ta san yadda muke yi ba, tsohuwar ce ke gaya mata. Ban san wa ya aiko su ba.

Mu biyar ne da Miyan ji. Rana tana dukan ƙeya. Wurin ya faɗaɗa fiye da yadda nake zato, kuma duk iri ɗaya ne, sai ɗan tsinke nan, ɓallin bulo can, wani ya kafa kara ya ɗaura zare. Miyan ji ya ce ni zan faɗa da bakina. Na durƙusa na ce, "Ƙasa, ga amana. Wata shida. Ba taki ba ce, ta Harsi ce."

Muka shafe daidai da fili.

Na kife tulun mangwaron a wajen kai, na danna shi cikin ƙasa har sai gindinsa kaɗai ke leƙe. Na duba hagu, bututun matoya. Na duba dama, wata ƙaya mai reshe biyu. Ko makaho ya gane.

Na aika wa yayanta Mauladad saƙo da baki ta wurin wani mai raƙumi. Na ce kada ya jira wata shida, da zarar Kwamishina ya zo ya tafi, ya taho da amalanke.

Laraba, 27 ga Satumba, da hantsi

Na buɗe shago. Mutane suna shigowa suna duban inda allon yake a da, ba mai tambaya. Wata mata ta zo sayen gishiri ta kama kuka, na ce mata ba a nan ake sayar da wannan ba.

Abin ya fara sauƙi, in ji Miyan ji. Jiya mutum ɗaya.

Gari lafiya.

Jumma'a, 29 ga Satumba, da yamma

Tasildar ya zagaya gari da safiyo suna neman inda za a kafa babbar rumfar taro. Kasuwa ta yi ƙunci. Bakin tafki, ba mai son a kai baƙo can. Gaban ofis rami ne, nan aka ɗebi ƙasar gini. Safiyon baƙo ne, makon nan aka turo shi. Ya miƙa sandarsa ya ce ga fili can bayan matoya, shimfiɗaɗɗe kamar an yi masa daɓe, ga shi dab da hanyar da Sahib, wato Kwamishina, zai shigo. A kashe wutar matoya kwana biyu, shi ke nan.

Tasildar ya kau da kai daga filin.

Na ce, "Huzur, wurin yana da macizai."

Safiyo ya ce za a share.

Na ce iska tana kaɗawa ta can da ƙarfi, za ta ɗauke rumfa.

Ya ce za a ƙara turaku.

Na ce ƙasar tana da laushi.

Ya ce, "To ai shi ya sa za a bi ta da dutse. Malam, filin naka ne?"

Bayan ya tafi na bi Tasildar har ɗaki. Bai bar ni na zauna ba. Ya ce, "Me kake so in ce masa? In ce kada a kafa a can saboda me? Faɗa mini kalmar, Ilam Din, kai ne mai kalmomi. Mutumin nan ƙanin matarsa a Mirankot yake aiki."

Na ce, "Huzur, iyalina."

Ya ce ya sani. Ya ce nasa magatakardan ma yana can. Ya ce kwana ɗaya ne, a kafa a cire, ba abin da zai taɓa su. Sannan ya ce, a hankali, "Da akwai tudu ko ɗaya a wurin, da bai nuna shi ba."

Asabar, 30 ga Satumba, da asuba

Na je kafin masu shara. Na tsaya na daɗe ina haddace wurin. Bututu a hagu, ƙaya a dama. Na ƙara danna tulun da ƙafa har ya nutse, na rufe da ƙasa. In sun share sama, yana nan a ƙasa.

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun sare ƙayar. Duk ƙayoyin suka sare. Masu salka sun yayyafa ruwa, bijimai biyu suka ja gungumen dutse, su je su dawo, su je su dawo. Fursunoni aka kawo daga wani wuri suka yi aikin, ba ɗan gari ko ɗaya. Nathu marini ya tsaya daga nesa tun safe har aka tashi. Ban je kusa da shi ba, shi ma bai zo ba.

Na rubuta jawabin. Ya yi kyau.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da yamma

An yi.

Rumfa ja da fari, darduma daga wannan gefe zuwa wancan, kujeru, tukwanen furanni da aka aro daga gidan injiniyan kogi. 'Yan makaranta sun yi waƙa. Aka tsayar da ni gaban teburin Sahib. Ina magana ina neman bututun matoya da wutsiyar ido, amma yadin rumfar ya tare.

Na ce shekara biyu da suka wuce dila ne sarkin wurin nan. Na ce yau alkamarmu tana cika jiragen ruwa a Karachi. Na ce iskarmu magani ce, ruwanmu madara. Tafinta yana juyawa, Sahib yana gyaɗa kai yana korar ƙuda da safar hannu.

Sai ya yi tambaya. Tafinta ya ce, "Sahib ya ji ƙishin-ƙishin a Mirankot cewa an yi rashin lafiya a nan."

Na yi murmushin da nake yi wa mai shakkar mudu. Na ce, "A gaya wa Sahib ya hau dokinsa ya zagaya garin nan gabas da yamma. In ya ga kabari ɗaya, a aske mini gemu a kasuwar Mirankot."

Sahib ya yi dariya. Duk rumfa ta ɗauka. Miyan ji ya tashi ya fita, aka ce fitsari ne irin na tsofaffi.

Da zai tafi ya buga ƙasa da diddigen takalminsa sau biyu, ya ce wani abu. Tafinta ya ce Sahib ya yaba, ya ce Sabazkot ce, takarda za ta biyo baya. Ya ce kuma bai ga wurin da ya dace da ginin kotu kamar nan inda muke tsaye ba.

Aka buga ganguna. Wani ya ɗaga ni sama. An raba alewa, na karɓa, na ci.

Asabar, 7 ga Oktoba, da azahar

An kwashe rumfar. Ramukan turaku ko'ina, kamar an yi shuka. Na tsaya inda nake ganin nan ne, bututu a hagu. Na matsa gaba, bututu yana hagu. Na koma baya sosai, yana hagu.

Na zo da sandar ƙarfe ina cakawa ko zan ji tulun. Ɗan sanda ya zo ya ce an hana, filin gwamnati ne yanzu.

Talata, 10 ga Oktoba, da safe

Waɗanda suka gudu sun fara dawowa, har da mai magani da akuyarsa. Baƙi suna sauka kullum suna neman fili. Wani daga Amritsar zai kafa injin auduga. Kowa in ya gan ni sai ya kama hannuna da hannu biyu. Jiya wani ya ce a sa wa layin kasuwa sunana.

Na roƙi Tasildar kwana ɗaya tak, mu da abin ya shafa mu tona. Ya ce takardar ba ta iso ba, Mirankot sun kai ƙara Lahore, idonsu na kanmu. Ya ce shi ya sa ma zai fara ginin yanzu, a ga bulo a ƙasa. Miyan ji ya ce masa, "Mirza Sahib, ka ji tsoron Allah." Ya ce yana ji. Ya ce za a kewaye wurin da tabarmi, duk akwatin da ramin harsashi ya ci karo da shi a ɗaga a ba masu shi a rufe. Abin da zai iya ke nan.

Na ce a ba ni kula da masu haƙa. Ya dube ni ya ce ba albashi. Na ce na sani.

Jumma'a, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Mauladad ya iso. Ya zo da amalanke, ya shimfiɗa ciyawa a ciki, da sabon bargo mai ja da uwargidansa ta saƙa don a lulluɓa. Ya rungume ni ya yi kuka, ya ce, "Bhai, ka sha wahala kai kaɗai." Ya ce sun riga sun gyara wurin, sun sare reshen da ya sauko.

Ya ƙi zama ya sha ruwa. Ya ce in kai shi ya yi mata sallama tukuna.

Na kai shi. Na ɗaga tabarma muka shiga. Igiyoyin safiyo a miƙe, farar ƙasa an zuba layi-layi.

Ya ce, "Ina take?"

Na nuna da hannu. Hannun ya yi yawo.

Ya ce, "Ilam Din. Ina take?"

Lahadi, 15 ga Oktoba, da yamma

Ba ya kwana a gidana. Yana kwana ƙarƙashin amalankensa a bakin tabarmi. Wani ya ba shi labarin taron da aka yi a ɗaki, wani kuma ya ba shi na gemu. Jiya ya ɗauki fatanya ya shiga tsakiyar fili, 'yan sanda suka fitar da shi. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Laraba, 18 ga Oktoba, da azahar

Ina bakin rami tun fitowar rana. In fatanya ta yi ƙara irin ta katako sai in ce a tsaya, in sauka da kaina in share da hannu. Akwatin farko da ƙofar rumfa mai koren fenti aka yi shi. Wasawa ya gane aikinsa, ya ce na matar Nathu ne. Nathu ya zo da amalanke ya ɗauka, bai dube ni ba.

Masu haƙa sun ce ban da tausayi, ina sa su faɗaɗa rami fiye da igiya. Safiyo ya kama ni, ya ce in na ƙara zai kore ni. Na ce masa ƙasar gefen ce ke zubewa. Ya ce, "Kai dai ba ka rasa amsa."

Asabar, 21 ga Oktoba, da la'asar

An sami wasu. Ba shuɗi.

Talata, 24 ga Oktoba, da yamma

Yau fatanya ta fito da ɓallin tulu a ramin arewa. Na sansana, akwai yaji. Na sa aka tona nan, na tona da kaina har ƙirji, hagu da dama, safiyo yana ihu a kaina. Ba komai. Wasawa ya sauko ya riƙe ni. Ya ce, "Bhai, dutsen nan ya ja ƙasa daga wancan gefe zuwa wannan. Ɓallin zai iya fitowa daga ko'ina."

Gobe za a fara zuba bulo.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da hantsi

Takarda ta iso. Sabazkot ce. An harba bindigogi.

Mauladad ya ɗaura shanunsa. Na kai masa ɓallin tulun a ƙyalle, na ce ko zai sa a wurin. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

Ya ce, "Riƙe. Ni ba tulu aka aiko ni in ɗauko ba."

Ya naɗe bargon ya zauna a kai. Na bi amalanken har ƙarshen layi ina magana, ban san me nake cewa ba. Na ce bayan an gama gini, na ce in an canza Tasildar, na ce na san wani a Lahore. Bai waiwayo ba sai sau ɗaya. Ya ce, "Da kanta ka rantse, ko?"

Ban gaya masa wannan ba. Ashe ta aika masa tun kafin.

Litinin, 30 ga Oktoba, da tsakar rana

Bango ya kai gwiwa. Magina sun tafi cin abinci, na shiga na zagaya ɗakunan. Nan zauren shari'a, nan ɗakin ajiyar takardu, nan barandar da masu ƙara za su zauna. Na durƙusa a tsakiya na dafa ƙasa. Na ce, "Na ce miki wata shida."

Na jira in ji abin da bakina zai ƙara. Bai ƙara ba.

Wasawa ya ce katako ya iso daga tashar jirgi, ko in yi sabon allo. Na ce ya bari tukuna.

Jumma'a, 3 ga Nuwamba, bayan sallah

Wani tsoho cikin sababbin zuwa ya cika jiya, 'ya'yansa suka ce ba za su kai shi ko'ina ba, nan suka zo zama. Miyan ji ya fita da jama'a ya shata maƙabarta gabas da matoya. An tara ƙasa, an kafa dutse. Mutane suka tsaya suna kallon tudun kamar ba su taɓa ganin irinsa ba.

Bayan an watse na ce wa Miyan ji ya ajiye mini wuri. Ya ce ai yana zaton ni Harsi za a kai ni. Na ce a'a. Na nuna masa kusurwar yamma, ta ƙarshe, wadda ta fi kusa da bangon kotu. Na ce in lokaci ya yi a tara ƙasa da yawa, a sa dutse babba.

Ya ce an ji.

Gari lafiya.